Furuci da haƙoran roba

Haƙoran roba cikakku jeri ne na haƙoran da ake ƙerawa don maye gurbin na sama ko na ƙasa gaba ɗaya, ana sa su ana cirewa. Sun bambanta da haƙorin Makka, wanda zinare ko azurfa ne da ake lulluɓa wa haƙori ɗaya. Na sama yana da faranti mai rufe ganɗa, na ƙasa kuwa kan dasashi kawai yake zama, shi ya sa ya fi saurin motsi. Kusan duk wanda ya fara sa su yakan ji maganarsa ta canza.

Asali

Matsalar furuci ta daɗe tare da sana'ar ƙera haƙora. A Japan an sassaƙa haƙoran katako masu kama ganɗa, kuma mafi daɗewa da aka samu ana danganta shi da wata mai bautar addinin Buda da ta rasu a 1538. A Turai, har ƙarni na 18, hauren giwa da na dorina ake fafewa, wani lokaci a dasa haƙoran mutane a ciki, sannan a haɗa sama da ƙasa da murɗaɗɗiyar waya mai tura su. Mai irin wannan sai ya danne baki da ƙarfi, in ba haka ba su yi tsalle. Shugaban Amurka na farko, George Washington, da irinsu ya rayu, kuma wasu masana tarihi na alaƙanta ƙarancin maganarsa a bainar jama'a da wannan wahala. A wajajen 1774 Alexis Duchâteau ya gwada na tangaran a Faransa, Nicolas Dubois de Chémant kuma ya sami lasisin ƙera su a Ingila a 1791. Bayan yaƙin Waterloo na 1815 an yi cinikin haƙoran sojojin da suka mutu don a dasa su cikin haƙoran da ake ƙerawa. Sauƙi ya zo ne da tattaurar roba a shekarun 1850, domin ana iya zuba ta daidai da siffar bakin mutum. Robar akirilik da ake amfani da ita yau ta shigo a kusan 1937.

Sautukan da abin ya fi shafa

Littattafan likitocin haƙori na Turai sukan fara da f da v, saboda a harsunansu leɓen ƙasa ne ke taɓa haƙoran sama. Bahaushen Kano da Jigawa da leɓɓa biyu yake furta f, don haka "fura" da "farau-farau" ba su cika ba shi wahala ba. Nauyin yana kan sautukan hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran sama: s, z, ts, t, d, n, l da r. Faranti ya rufe wurin, harshe ya daina jin inda ya saba sauka. In hanyar iska ta matse, s takan fita da fito, abin da dattijo ke jin kunyarsa a gaban jikoki. In farantin ya yi kauri sai "sassafe" ta karkata zuwa "shasshafe". Ts da ɗ ma abin kan shafe su, domin suna buƙatar harshe ya toshe iska sosai. Karin sauti bai shiga ciki ba, tunda daga maƙogwaro yake fitowa.

Ƙarar ƙwas-ƙwas yayin magana alama ce ta cewa haƙoran sun yi tsayi ko sun yi sako-sako, kuma gyaran na likita ne.

Karatun Alƙur'ani

A nan ma akwai damuwa, musamman ga limamai da alarammomi. Malaman tajwidi sun sanya mafitar haruffa da dama a kan haƙora: ث da ذ da ظ tsakanin tsinin harshe da bakin haƙoran gaba na sama, ف tsakanin leɓen ƙasa da su, ض kuma gefen harshe da turame. Wanda ya daɗe da wawulo yakan ga waɗannan sun dawo masa bayan ya saba, ko da yake a farko ص da س da ز na iya yin fito fiye da kima.

Sabawa

Miyau kan yi yawa a kwanakin farko, sannan ya ragu. Likitoci na ba da shawarar karatu a bayyane da magana a hankali, da cije haƙoran a haɗiye miyau kafin a buɗe baki. Mai tilawa da asuba ya riga ya sami atisayensa. Galibi ana sabawa cikin 'yan makonni, tsofaffi sukan fi daɗewa. Da shekaru ƙashin muƙamuƙi na zaizayewa, sai a sake cike cikin farantin. Akwai saɓani tsakanin likitoci kan ko kwaikwayon ƙananan tuddan da ke gaban ganɗa a jikin farantin yana taimaka wa furuci.

Samuwa

Mutanen ƙauye sukan je manyan asibitocin birni, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma nisa kan hana wasu komawa a daidaita musu.