Manhajar kammala cinikin gidaje da filaye

Manhajar kammala cinikin gidaje da filaye manhajar kwamfuta ce da dillalai, lauyoyi, bankunan bayar da rance da kamfanonin binciken takardun mallaka ke amfani da ita wajen tafiyar da ciniki, tun daga lokacin da mai saye ya taya aka sallama masa har ranar da kuɗi ya shiga hannun mai sayarwa, aka sauya suna a rajistar hukuma. Ta bambanta da shafukan tallata gidaje, domin su aikinsu haɗa mai saye da mai sayarwa ne, ita kuwa nata yana farawa bayan sun daidaita.

Aikinta

Tsakanin sallamawa da kammalawa akan ɗauki makonni, kuma kowane mataki yana da wa'adi a cikin yarjejeniya: ranar ajiye kuɗin kafin alƙalami a asusun amana, ranar da ƙwararre zai duba lafiyar ginin, ranar ƙiyasta darajarsa, da ranar da banki zai tabbatar da rance. Idan wa'adi ya wuce ba a yi abin da ya kamata ba, mai saye na iya rasa damar janyewa, wani lokaci har da kuɗin da ya ajiye. Manhajar tana buɗe wa kowane ciniki fayil ɗaya, ta lissafa ranakun daga yarjejeniyar, ta tunatar da wanda aikin ya rataya a wuyansa, sannan ta ba kowa damar ganin abin da ya shafe shi kaɗai.

Wanda ya fi cin moriyarta shi ne shugaban ofishin dillanci. A Amurka doka ta ɗora masa alhakin sa ido kan dillalan da ke aiki ƙarƙashin lasisinsa, kuma a jihar Kalifoniya wajibi ne ya adana takardun ciniki na tsawon shekara 3. Saboda haka ofisoshi da yawa ba sa sakin la'ada sai mai duba fayil ya tabbatar cewa babu takardar da ta ɓace, babu wurin sa hannun da aka tsallake. Wannan sharaɗi, fiye da kyawun fasalin manhajar, shi ke sa dillalai cika fayil a kan kari. Manhajar ce kuma ke lissafin rabon la'ada tsakanin ofis da dillali, tana riƙe da tarihin wanda ya buɗe takarda, da lokacin da ya sa hannu, wanda ke zama hujja idan rigima ta kai kotu.

Tarihi

Doka ce ta share mata hanya. A ranar 30 ga Yunin 2000 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya amince da dokar ESIGN, wadda ta hana a ƙi yarjejeniya don kawai an sa mata hannu ta na'ura. An kafa DocuSign, kamfanin sa hannu ta na'ura, a 2003, sai kamfanonin irin wannan manhaja: Dotloop a birnin Cincinnati a 2009, SkySlope a Sacramento a 2011, sai Qualia, mai hidimar kamfanonin binciken mallaka da riƙon kuɗin amana, a 2015. A shekarar ce Zillow, shafin tallata gidaje, ya sayi Dotloop kan dala miliyan 108, abin da ya sa wasu dillalai tambayar ko wa ke da iko da bayanan cinikinsu.

Kowane sauyin doka yana sauya fayil ɗin. Daga 3 ga Oktoban 2015 aka wajabta wa masu bayar da rancen gida a Amurka su miƙa wa mai karɓa takardar bayanin kuɗaɗen kammalawa aƙalla kwana 3 na aiki kafin ya sa hannu, kuma wasu manyan canje-canje kan sa a soma ƙirgen daga farko. Bayan sulhun dala miliyan 418 da ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, ta cimma a shari'ar da aka yi da ita kan la'ada, daga 17 ga Agustan 2024 dillalin mai saye ba ya kai shi duba gida sai sun sa hannu a rubutacciyar yarjejeniya, takardar da ta shiga jerin abubuwan da ake bincikawa. A Ostareliya tsarin ya ɗauki wani salo, inda dandalin PEXA ke haɗa biyan kuɗi da shigar da takardu a rajistar filaye lokaci guda.

Matsaloli

Babbar barazana ita ce damfarar tura kuɗi. Ɓarawo kan kutsa cikin imel ɗin dillali ko lauya, ya yi shiru yana bibiyar ciniki, sai ana gab da kammalawa ya aika wa mai saye lambar asusun bogi da sunan ofis. Don haka manhajoji da dama suka mayar da bayanin asusu cikin dandali mai kulle, amma har yanzu ana shawartar mai saye ya kira lambar wayar da ya sani tun farko kafin ya tura ko sisi. Akwai kuma rashin jituwa tsakanin manhajar banki, ta dillali da ta kamfanin binciken mallaka, wanda kan tilasta a sake shigar da bayani ɗaya da hannu sau biyu ko uku.