Birkin faifai a gaban motocin hot rod

Hot rod suna ne da Amurkawa ke kiran tsohuwar mota da aka rage wa nauyi, aka sa mata babban inji domin gudu. Yawancin irin waɗannan motoci suna tsaye ne a kan aksil ɗin gaba na Ford, ƙirar 1928 zuwa 1948, sandar ƙarfe guda ɗaya wadda ta haɗa tayoyin biyu. Asalin birkin da ke kan wannan aksil na ganga ne, wato wanda takalman birki ke goga cikin wata gangar ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Daga baya masu motocin suka riƙa cire shi suna ɗaura birkin faifai, wanda ake matse faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, da kayan da suka tsinto daga motoci dabam-dabam, ba tare da sun rubuta komai ba. Shi ya sa wanda ya sayi irin wannan mota a yau sai ya zauna ya gano asalin kowane ƙarfe kafin ya iya sayen ko da fad ɗin birki, wato abin da ke goga faifan.

Tarihi

Al'adar ta taso ne a kudancin Kalifoniya a shekarun 1930, inda samari ke tsere a kan busassun tafkuna irin su Muroc. A 1937 aka kafa ƙungiyar SCTA domin tsara wannan tsere. Injin V8 da Ford ya fitar a 1932 ya ba su ƙarfi da araha, amma birki ya kasance a baya, domin kamfanin ya ci gaba da amfani da sanduna da wayoyi wajen jan birki har 1939, shekarar da ya koma birkin mai. Saboda haka sauyin farko da aka saba yi shi ne ɗaura birkin mai na 1939 zuwa 1948 a kan motocin da suka girme shi. Masu neman abin da ya fi haka sukan ɗauko birkin Lincoln, ko na a-kori-kurar Ford ta F-1 da F-100. Wajen ƙarshen shekarun 1950 sai gangunan Buick na alminiyam masu haƙarƙari suka shigo, kuma har yau akwai masu ganin babu abin da ya kai su kyau a gaban mota marar murfin taya.

Tun kafin wannan lokaci kuma aka fara gasa ƙarshen aksil a lanƙwasa shi domin gaban mota ya sauka. Irin wanda aka yi a San Diego shi ake kira Dago, kamfanin Mor-Drop na Oakland ma ya yi suna a aikin. 

Birkin faifai ya yaɗu a motocin Amurka daga tsakiyar shekarun 1960, ya iso hot rod sosai a shekarun 1970, lokacin da kayansa suka cika wuraren sayar da tsofaffin motoci. Kalifa ita ce ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai, kuma ƙananan kalifofin kamfanin Airheart sun yi tashe a kan motoci marasa nauyi. Kamfanoni irin su Speedway Motors na Nebraska, wanda Bill Smith ya kafa a 1952, suka shiga sayar da mariƙin kalifa da zoben boris a haɗe, mai saye ya nemo faifai da kalifa da kansa.

Sifindil

Daga nan bincike ke farawa, domin sifindil shi ne ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, kuma mariƙin kalifa a jikinsa ake ɗaure shi. Na Ford da aka fi samu iri biyu ne: na 1937 zuwa 1941, mai zagayayyen baya, da na 1942 zuwa 1948, mai baya kusan murabba'i. Kaurin kinfin ɗinsu, wato ƙusar da ke haɗa sifindil da aksil, ɗaya ne, inci 13/16, amma na biyun ya ɗan fi tsawo. Na uku shi ne na Chevrolet ƙirar 1949 zuwa 1954, wanda kinfin ɗinsa ya fi kauri, kuma ba ya shiga aksil ɗin Ford sai an yi gyara. Sababbin ƙira na kasuwa suna kwaikwayon mai zagayayyen baya, sai dai sau da yawa hannun sitiyarinsu ɗaura shi ake yi da ƙusa.

Faifai

Tsarin ƙusoshin taya ne ke fara nuna gidan da faifai ya fito. Ƙusa biyar a da'irar inci 4.75 ta General Motors ce. Inci 4.5 na Ford ne na baya-bayan nan ko na Chrysler, kamar Granada ta 1975 zuwa 1980 ko Volare da Aspen. Inci 5.5 kuwa tsarin tsohuwar Ford ne, kuma faifan da ya dace da shi yakan fito daga a-kori-kurar F-100 da F-150. Ƙaramin faifai mai inci 9 da ƙusa huɗu na Pinto ne ko Mustang II. Idan ƙusoshi biyar ne, ana auno faɗin da'irar daga tsakiyar ɗaya, a tsallake ta kusa, a dire a bayan ta uku.

Lambar da ke jikin boris ta fi ido gaskiya. Idan an zare faifai sai a karanta ta, a kuma duba ko an danna wani zobe a gindin sifindil domin boris na ciki ya zauna. A kayan Ford, harafi da lambar farko suna nuna shekarar ƙira, misali D5 na nufin 1975.

Kalifa

Mafi yawa ta General Motors ce mai fistin ɗaya. Babbar, ta wajen 1969 zuwa 1977, tazarar ƙusoshinta biyu kusan inci 7 ce, lambar fad ɗinta D52. Ƙaramar, ta motoci irin su Malibu da Monte Carlo daga 1978, tazararta kusan inci 5.5, lambar fad ɗinta D154, kuma zaren ƙusar tiyonta na milimita ne. Hancin fitar da iska dole ya kalli sama, in ba haka ba birki ba zai taɓa yin tauri ba. Kalifofin alminiyam irin na Wilwood suna ɗauke da sunansu a jiki.

Masta

Idan masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, tana ƙarƙashin daɓen mota, ƙasa da kalifa, akan sa bawul mai riƙe matsin fam 2 a layin faifai, fam 10 a layin ganga.

Saɓani

Masu riƙo da tsohon salo suna ganin faifai yana ɓata fuskar mota, masu tuƙi a manyan hanyoyi suna fifita shi. So-Cal Speed Shop ya fitar da birkin faifai da aka ɓoye a cikin murfi mai kamar gangar Buick.