Tunzurin Garkuwar Jiki a Farkon Kamuwa da Ƙwayar Sida

Tunzurin garkuwar jiki yanayi ne da sojojin jini ke zafafa yaƙi fiye da ƙima, har su yi wa jikin da suke tsaro ɓarna. Ana ganinsa a farkon kamuwa da ƙwayar HIV mai haddasa Sida, wadda ma'aikatan lafiya a Nijar ke kira VIH, galibi mako 2 zuwa 4 bayan shigarta jiki.

A wannan tsakani ƙwayar na hayayyafa babu ƙaƙƙautawa, har a ƙirga miliyoyinta a mililita ɗaya na jini. Ƙwayoyin garkuwa na CD4 take farauta, musamman waɗanda ke bangon hanji, inda suka fi taruwa. Sai jiki ya saki sinadaran kiran gayya da ake ce wa saitokin, irin su intaferon da TNF. Ga akasarin mutane abin bai wuce masassara, ciwon maƙogwaro, ƙuraje da kaluluwa ba, kuma cikin mako ɗaya ko biyu ya lafa. Wasu ko alama ba sa gani.

Ga ƴan kaɗan ne gayyar ke ƙin watsewa. Kumburi kan kama rigar ƙwaƙwalwa, ko hanta, ko tsokar zuciya, ko jijiyoyi har ƙafafu su saki. Mafi muni shi ne HLH: manyan ƙwayoyin da aikinsu haɗiye cuta su koma cin ƙwayoyin jinin mai su a cikin ɓargo. Masassara ta ƙi sauka, saifa ta kumbura, jini ya yi ƙasa, sinadarin feritin, mai ajiye ƙarfe a jiki, ya hau ƙwarai. In ba a tare shi ba, yana kisa.

Wahalar ita ce ganewa. A Damagaram, masassarar da ta zo da damina, ta cizon sauro ake fara zato, kuma da dalili. In ta ƙi magani a ce taifot. Ga shi gwajin HIV na gaggawa na ɗigon jinin yatsa martanin jiki yake nema, wanda bai riga ya bayyana ba, don haka yana iya cewa babu alhali akwai. Gwajin da ke neman ƙwayar kanta, ko furotin ɗinta p24, shi ke kama ta da wuri. In babu shi, a sake gwaji bayan ƴan makwanni.

Tushen magani shi ne fara ARV, wato magungunan da ke hana ƙwayar hayayyafa, ba jinkiri, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 ga duk wanda aka samu da ƙwayar. Mai tsananin kumburi sai an kwantar da shi, wani lokaci likita ya ƙara masa maganin kwantar da garkuwa irin deksametazon.