Furogiram ɗina zai hau wancan allon? Amsoshi ga masu furojet

Lokacin furojet ya sake zagayowa, ɗaliban Poli da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa sun cika min shago nan Katsina da tambayoyi iri ɗaya kan ƙananan allunan lantarki da ake zuba wa furogiram, irin su Arduino. Ku karanta wannan kafin ku zo.

Malam, abin da na rubuta wa Arduino Uno zai yi a Nano?

Zai yi. Uno da Nano na asali duk cif ɗin ATmega328P ne a ciki. Ka dai zaɓi sunan allon daidai kafin ka tura.

Mega fa?

Sai ka sake harhaɗa shi (compile), ka kuma gyara wayoyi. I2C, hanyar wayoyi biyu da allo ke magana da na'urori irin su sikirin, a Uno tana kan ƙafafun (pin) A4 da A5, a Mega tana kan 20 da 21. Kar ka zo min da kukan sikirin ya mutu alhali wayar tana inda ka bar ta.

In kwafe fayil ɗin hex, wato furogiram ɗin da aka riga aka harhaɗa, kawai in zuba a Mega?

A'a.

Ai ESP32 ma Arduino ce ko?

Wa ya gaya maka? Wurin rubutun ne kawai ɗaya. ESP32 da bolt 3.3 take aiki, ka ba ƙafarta 5 kana iya ƙona ta. Karatun analog a Uno yana tsayawa a 1023, a nan yana kaiwa 4095, duk lissafin batirinka ya rushe.

Na sayi allon Blue Pill don famfon solar na ban ruwa, sai na ga GD32F103 a kan cif ɗin maimakon STM32F103. Na yi asara?

Kwantar da hankalinka, ƙanena, ba lallai ba. Ƙafafunsu a jere ɗaya suke, duka biyun ƙwaƙwalwarsu Cortex-M3 ce, kuma yawancin ƙananan ayyuka, kunna rile, karanta maɓalli, tura saƙo ta UART (hanyar siriyal), suna tafiya ba tare da ka taɓa layi ɗaya ba. Amma "yawanci" na ce. STM32F103 iyakarsa megahaz 72, GD32F103 yana kaiwa 108, kuma ko a gudu ɗaya yakan karanto umarni da sauri. Idan jinkirinka na ƙirga madauki ne, lokacin zai gajarce; koma kan taima. Idan kana ajiye saiti a filash, ma'ajiyar cikin cif ɗin, gwada wannan sashe shi kaɗai, don lokacin gogewa da rubutawa ya bambanta. Karatun ADC, wato na analog, ma ka auna shi da mita, kar ka yarda da shi haka nan. Wani lokaci manhajar ST, kamfanin da ke yin STM32, takan ƙi gane cif ɗin da ba nata ba. Wannan ba ya nufin allon ya lalace. Tunda famfo ne da manomi zai dogara da shi, bar shi ya yini yana aiki a rana kafin ka kai shi gona.

Daga F103 zuwa F411 fa, tunda duk STM32 ne?

Suna ne ya haɗa su. F411 Cortex-M4 ne, kuma rajistocin GPIO, masu sarrafa ƙafafu, da na agogo tsarinsu daban. Sake saita komai daga farko.

Malam, ba za ka gyara min kawai ba?

Buɗe takardar bayanin cif ɗinka, nuna min shafin ƙafafu, sannan mu zauna.