Ciwon Baya: Daga Ina Yake Tasowa, Kuma Me Ke Kawo Sauƙi?

Me ke cikin bayan da har yake ciwo haka?

Gadon baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka ɗora ɗaya kan ɗaya: 7 a wuya, 12 a saitin haƙarƙari, 5 a ƙugu, ragowar na ƙasa sun haɗe da juna. A tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai taushi a ciki, wanda ke shanye nauyi da jijjiga. Laka na bi ta tsakiya, jijiyoyi na fita ta gefe, tsoka kuma ta riƙe ginin gaba ɗaya. Biyar ɗin nan na ƙugu su ke ɗauke da nauyin saman jiki, shi ya sa yawancin ƙorafi daga kwankwaso yake fitowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020. A kusan tara cikin goma, ba a samun wata cuta takamaimai. Tsoka ce ta gaji ko ta ɗaure, ko gaɓa ta takura, kuma irin wannan yakan lafa cikin mako 4 zuwa 6.

Wane irin aiki ne ya fi kawo shi?

Biyu ne manya: sunkuyo da kaya, da daɗewa a yanayi ɗaya. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, buhun siminti kilo 50. Mai ɗaga su da miƙaƙƙun ƙafafu, baya a lanƙwashe, sannan ya murɗa ƙugu ya ajiye a gefe, ya haɗa wa bayansa abu uku a lokaci guda: nauyi, sunkuyo da murɗawa. Manomin da ke wuni a duƙe da fartanya, matar da ke shara da gajeriyar tsintsiya ko wanki da baho a ƙasa, tela a kan keke, direban Adaidaita Sahu da ke shan jijjigar ramuka tun safe, duk hanya ɗaya suke bi.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lura da su ba: ƙiba, shan taba, rashin barci da damuwa. Wanda tunani ya yi masa yawa, tsokarsa a ɗaure take kwana, kuma ciwon da zai wuce cikin mako biyu sai ya zauna masa watanni.

An ce basir ne ko sanyi. Gaskiya ne?

Basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura. Yana kawo jini, ƙaiƙayi ko tsiro, amma ba ya hawa gadon baya. Abin da kan haɗa su shi ne taurin bayan gida da dogon zama. Mutane da yawa sun shafe shekara suna shan jiƙo iri-iri da sunan basir, alhali faifai ne ya danne jijiya, ko wata cuta ce ke ci a ɓoye.

Maganar sanyi tana da ƙanshin gaskiya ta wani ɓangare. Idan ƙwayar cuta ta hau daga mafitsara zuwa ƙoda, ana jin ciwo a gefe ɗaya ƙasan haƙarƙari, tare da zazzaɓi, rawar sanyi da zafin fitsari. Tsakuwar ƙoda kuwa ciwonta murɗa ne mai tsanani da ke gangarowa mara, ba ya barin mutum ya zauna wuri ɗaya. Bambancin shi ne ciwon tsoka yana canzawa da motsi, na ƙoda bai damu da yadda ka kwanta ba. Gwajin fitsari ke raba gardama.

Ciwon yana sauka har ƙafata. Me ke nan?

Idan faifai ya bulluƙo ya taɓa jijiya, ciwon yakan taso daga mazaunai ya bi bayan cinya, wani lokaci har tafin ƙafa, kamar jan wutar lantarki. Tari ko atishawa na ƙara shi. Yana da zafi ƙwarai, amma akasari yana sauƙi da kansa cikin makonni ko 'yan watanni ba tare da tiyata ba, domin jiki yana iya tsotse ɓangaren da ya bulluƙo.

Yaushe ne ba a jira, sai asibiti?

A ranar, ba gobe ba, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, ko bayan gida na kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da al'aura ya mutu ba a jin taɓi, ko ƙafa na rasa ƙarfi har takalmi na zamewa. Wannan alama ce ta dannewar jijiyoyin ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin nakasa ta dindindin.

Haka kuma ciwon da ya biyo bayan faɗuwa daga bishiya, gini ko babur. Kada a kai wa maɗori ya ja ko ya danna kafin a ɗauki hoto. A kwantar da mutum a kan abu mai faɗi da tauri, a ɗauke shi a miƙe.

Sai ciwon da ke tashe ka cikin dare, tare da zazzaɓi, gumin dare da rama. A ƙasashenmu dole a yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cin ƙashi a hankali har ƙusumbi ya fito, ƙafafu su shanye, kuma ba lallai ne mai shi ya yi tari ba. Yana warkewa da maganin tarin fuka idan an gano da wuri, kuma maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Mai sikila, wanda ya taɓa yin sankarar mama ko ta furostet (wata gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara), da tsohon da ciwon ya far masa kwatsam, su ma a duba su da wuri.

Ba sai na yi hoto ba?

Idan babu ko ɗaya daga alamomin can, hoto a makonnin farko ba ya canza magani. Wani nazari da aka buga a 2015 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da ba su da ciwon komai, hoton MRI (na'urar da ke nuna cikin jiki dalla-dalla) yana nuna faifansu ya ɗan bulluƙo. Sai a kashe maƙudan kuɗi a sayo fargaba. Ciwon da ya haura mako 6 bai ragu ba, shi ya cancanci bincike a babban asibiti ko irin Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, tare da ganin likitan gashin ƙashi.

To me zan yi a gida?

Kada ka kwanta ka ce sai ka warke. Hutun kwana ɗaya ko biyu ya isa, fiye da haka tsoka na sagewa. Fara tafiya ta minti 10 sau biyu ko uku a rana, kana ƙarawa a hankali har minti 30.

Gasa wurin da tawul mai ɗumi ko gorar ruwan zafi da aka naɗe da zane, minti 15 zuwa 20. Kada zafin ya taɓa fata kai tsaye, musamman ga mai ciwon suga.

Motsa jiki uku a kan tabarma, safe da yamma. Kwanta rigingine, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, riƙe daƙiƙa 20, ka sauya. Sannan ka lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ɗaga ƙugu sama ka ƙirga biyar, sau 10. Na uku, yi rarrafe, tura baya sama sannan ka sake shi ƙasa a hankali, sau 10. Ɗan jan tsoka ba laifi ba ne. Amma idan ciwon ya ƙara gangarawa ƙafa, dakata.

Wajen barci, mai kwanciya ta gefe ya sa filo tsakanin gwiwoyi, mai rigingine ya sa a ƙarƙashinsu. Katifar da ta lotsa a tsakiya a sauya ta. Wajen ɗaukar kaya, matso kusa, tsuguna, rungume kayan a jiki, ka miƙe da ƙarfin cinya, ka juya da ƙafa maimakon ƙugu. Raba ruwa bokiti biyu ya fi jarka ɗaya a hannu ɗaya. A ɗora bahon wanki a kan benci, a sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Mai aikin zama ya miƙe duk bayan minti 30. Wanda ruku'u ko sujada ke tsananta masa, shari'a ta ba shi sauƙin yin salla a zaune har ya samu lafiya.

Wane magani zan sha?

Farasitamol shi kaɗai ba ya yin wani tasiri sosai a ciwon ƙasan baya. Ibuprofen ya fi: ga babba, miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki kawai. Mai olsa, ciwon ƙoda, hawan jini ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Kuma ba a haɗa shi da diclofenac, domin dangi ɗaya ne, haɗa su na ƙara haɗarin zubar jini a ciki da lalacewar ƙoda.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Ciwon zai lafa, fuska ta ciko a zaci lafiya ce, alhali maganin na cinye ƙarfin ƙashi, yana tayar da suga da hawan jini. Tramadol kuwa kama jiki yake yi, kuma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamba 2023 ta hana amfani da irinsa ga daɗaɗɗen ciwon baya.

Ƙaho, tausa da bel fa?

Tausa mai sauƙi tana sassauta tsoka na ɗan lokaci. Ƙaho ma wasu na jin sauƙi, amma ba ya mayar da faifai, kuma askar da aka yi wa wani amfani da ita na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, don haka sabuwar reza kaɗai. Bel ɗin ɗaure ƙugu yana cikin abubuwan da waccan ƙa'ida ta ce a bari. Taka baya da ƙafa kuwa, ga tsoho mai raunin ƙashi, yana iya karya haƙarƙari ko gadon bayan kansa.