Idan yaƙi ya ɓarke, ina kwantiragin ɗan ƙwallo ya kwana?

A ƙa'idar FIFA, ɗan wasan da ya sa hannu a kwantiragi ba ya tattara takalmansa ya tafi don kawai ransa ya so. In ya karya yarjejeniya babu ƙwaƙƙwaran dalili, diyya na kansa, kuma ana iya dakatar da shi wata 4, in laifin ya yi muni har 6. Yaƙin Rasha da Yukren ne ya sa aka buɗe wata ƙofa a jikin wannan doka, kuma ya kamata samarinmu masu fita atisaye da asuba a Pantami da Tudun Wada su san iyakar faɗinta.

Rasha ta afka wa Yukren ranar 24 ga Fabrairu, 2022, gasar ƙasar ta tsaya cak. Ranar 7 ga Maris FIFA ta ƙara rataye na 7 a dokokinta na matsayin 'yan wasa da sauya sheƙarsu. Baƙon ɗan wasa ko koci da ke Yukren, an jingine kwantiraginsa kai tsaye zuwa 30 ga Yuni na shekarar, sai in shi da ƙungiyarsa sun shirya wani abu daban. Na Rasha kuwa zaɓi aka ba shi: in ba su daidaita da ƙungiya ba, ya jingine da kansa ko ta so ko ta ƙi.

Kwantiragin bai mutu ba. Muddin yana jingine, ƙungiya ba ta biyan albashi, ɗan wasa kuma yana iya zuwa wata ƙasa ya buga ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ko sisi ba. A karon farko har an yarda a yi masa rajista bayan an rufe kasuwar 'yan wasa, zuwa 7 ga Afrilu, amma kowace ƙungiya mutum 2 kacal za ta ɗauka ta wannan hanya. Da yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka yi ta tsawaita wa'adin shekara bayan shekara.

'Yan Najeriya ma abin ya shafe su. Chidera Ejuke ya jingine nasa da CSKA Moscow ya koma Hertha Berlin a Jamus. Victor Moses ya yi zamansa a Spartak, har ya ɗaga kofin Rasha a 2022.

Inda rigima take shi ne kwanakin kwantiragi ba su daina tafiya ba. Shakhtar Donetsk ta Yukren, wadda sana'arta ke nan ta sayi yaro da araha ta sayar da tsada, tana ji tana gani Tetê ya tafi Lyon, Manor Solomon ya tafi Fulham, wa'adinsu yana ƙarewa a hannun wasu. Daga bisani Solomon ya koma Tottenham kyauta. Shakhtar ta kai FIFA ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne tana neman kusan yuro miliyan 50, kotun ta yi watsi da ƙarar a Janairun 2023. A ganina kukan Shakhtar yana kan hanya: ƙasarta aka mamaye, amma manyan ƙungiyoyin Turai ne suka ci ribar, kamar wanda gidansa ke ci da wuta maƙwabta na kwasar buhunan hatsi da sunan taimako. Sai dai babu mai hankalin da zai ce a tsare yaro a garin da ake ruwan bama-bamai don kada ƙungiya ta yi asara.

To, ga abin da ya shafi ɗan Gombe ko Bauchi da wani dillalin 'yan wasa ya zo masa da maganar gwaji a waje. Ratayen nan na yaƙin Yukren ne kaɗai. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙungiyoyin ƙasar, Al-Hilal da Al-Merrikh, ƙaura suka yi daga baya zuwa gasar Mauritaniya. Mu ma a nan mun ga yadda rikicin Boko Haram ya sa El-Kanemi Warriors ta bar Maiduguri tana karɓar baƙi a Kano da Katsina, ɗan wasa kuma ya bi ƙungiyarsa duk inda ta sauka.

Ko a Rasha da Yukren ɗin ma, gyaran da aka yi a 2023 ya cire wanda ya sa hannu bayan an kafa dokar, don ya shiga ne idonsa biyu. Irin wannan sai dai ya dogara da abin da aka rubuta a takardarsa, da kuma dokar da ta ba ɗan wasa damar ajiye aiki in an riƙe masa albashin wata 2, bayan ya rubuta wa ƙungiya takardar gargaɗi ta aƙalla kwana 15.