Waiwaye: Yadda ƙibar yara ta tashi daga abin yabo ta koma abin damuwa

Shekaru aru-aru, rama ce ke tayar wa iyaye da likitoci hankali game da yaro. Yunwa da gudawa da ƙyanda ne ke ɗauke yara, don haka wanda ya yi ɓul-ɓul, kumatu cike, ana ganin ya tsira.

Cikin waɗanda suka fara duban lamarin da idon likita akwai Hilde Bruch, likitar yara da ta baro Jamus saboda mulkin Nazi, ta isa Amurka a 1934. Yawan yara masu teɓa da ta gani a birnin New York ya ba ta mamaki. A lokacin likitoci sun fi danganta ƙiba da tangarɗa a sassan jikin da ke sarrafa sinadaran girma. Ita kuwa ta nuna cewa yawancin yaran ba su da wannan cuta, abinci ne ya yi yawa, motsa jiki ya yi kaɗan. Sai dai ta jingina yawancin laifin a kan iyaye mata, zargin da ya daɗe yana ƙuntata musu ba tare da ya rage wa yaro ko kilo ɗaya ba.

Hujjar da ta fi girgiza masana ta fito ne daga Bogalusa, wani ƙaramin gari a jihar Louisiana. Tun farkon shekarun 1970 Dakta Gerald Berenson da abokan aikinsa suka riƙa auna dubban 'yan makaranta: nauyi, tsayi, hawan jini, kitsen cikin jini, suna binsu har suka girma. Wasu sun rasu da ƙuruciya, galibi a haɗari ko kisa, aka binciki gawarwakinsu. A cikin jijiyoyin jinin zuciyarsu aka tarar da zane-zanen kitse sun fara kwantawa, kuma sun fi yawa a jikin waɗanda tun da rai aka san suna da ƙiba da hawan jini. Ashe ciwon zuciyar da ke kayar da ɗan shekara 50 tun yana firamare ya fara ginuwa.

Wani bincike na 1976 ya mayar da labarin baya har cikin mahaifa. An duba samari kusan 300,000 a ƙasar Holan, aka gano waɗanda iyayensu mata suka sha yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu, 1944 zuwa 1945, suna da ƙaramin ciki, sun fi sauran yin ƙiba. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da ake gani yau a ƙasashe masu tasowa, inda tamowa da ƙiba ke haɗuwa a gida ɗaya.

A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙiba a matsayin annobar duniya. Alƙaluma sun gaskata ta: yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 masu ƙiba sun tashi daga miliyan 11 a 1975 zuwa miliyan 124 a 2016, sannan miliyan 160 a 2022. Halittar ɗan Adam ba ta sauya ba cikin shekara hamsin. Abin da ya sauya shi ne abincin masana'anta mai araha, lemon kwalba, talla mai farautar yara, da zama gaban talabijin da waya.

Illar ba ta jiran tsufa. Ciwon suga nau'i na biyu, wanda a da ake kira ciwon manya, ya fara bayyana a asibitocin yara tun shekarun 1990. Akwai kitsen hanta, da sarƙewar numfashi cikin barci, ga tsokanar 'yan aji da ke sa yaro ya tsani filin wasa, wurin da ya fi buƙata. Kusan kashi 80 cikin 100 na matasa masu ƙiba suna shiga girma da ita. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne binciken 2011 da ya haɗa bayanai daga Amurka da Ostareliya da Finland: yaran da suka rabu da ƙiba kafin girma, haɗarin kamuwarsu da cututtukan da ƙiba ke jawowa ya zo daidai da na waɗanda ba su taɓa yinta ba.

Daga nan gwamnatoci suka fara karkata ga masu sayarwa. Meziko ta sa harajin feso ɗaya, kuɗin ƙasar, kan kowace lita ta lemo mai sukari a 2014. Chile ta tilasta manna baƙin tambarin gargaɗi a jikin kayan ci a 2016, ta kuma taƙaita tallarsu ga yara. Birtaniya ta fara nata harajin a 2018, kamfanoni da dama suka rage sukari tun kafin ya soma aiki. Duk da haka, a 2025 UNICEF ta bayyana cewa a karon farko 'yan makaranta masu ƙiba sun zarce masu rama yawa a duniya, in ban da Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya.